Bahago da jitar masu dama: in juya ta kamar Elizabeth Cotten, ko in sauya tsirkiya?

Bahagon Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu sanin jita ce. Ni bahago ne, jitar da ke hannuna kuwa ta masu dama ce, mai tsirkiyar ƙarfe, ta gwanjo. A nan Gombe ban ga inda ake sayar da ta bahagwai ba, malami kuma babu. An turo mini bidiyon wata tsohuwa baƙar fata 'yar Amurka, Elizabeth Cotten, ta rungumi jita a juye, manyan tsirkiyoyi a ƙasa, sirara a sama, tana kaɗawa a natse kamar mai tsintar shinkafa. Wace ce ita, kuma yaya aka yi ta iya ba malami? Me yatsunta ke yi takamaimai? Sannan ni in bi hanyarta, ko in kai a sauya mini tsirkiyoyin?

Hamma Jekadafari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in ɗauki ta farko, sauran na bar wa masu hannu.

An haife ta a 1893 a jihar Karolina ta Arewa, gefen garin Chapel Hill, wurin da yanzu ake kira Carrboro. Gidan talakawa ne, kusa da layin dogo. Abin kiɗan da ta fara taɓawa banjo ne (wani abin kiɗa mai tsirkiya) na yayanta, in ya fita aiki sai ta ɗauko a ɓoye. To ka lura da wannan, domin shi ne tushen komai: kayan ba nata ba ne. Ba ta da ikon kwance tsirkiyar wani ta sake ɗaurawa, sai kawai ta juya abin ya dace da hagunta, ta mayar da shi yadda ta same shi kafin mai shi ya dawo. Wato juyin da kake gani a bidiyo ba dabara ce da ta zauna ta ƙirƙira ba, rashi ne ya haife shi.

Tun tana yarinya ta bar makaranta ta shiga aikatau a gidajen Turawa. Albashinta na farko santi 75 ne a wata. Da shi aka tara aka sayo mata jitarta ta farko a kan dala 3 da santi 75, ka lissafa ka ga albashin wata biyar ne cif. Sunan jitar Stella. Tana da shekara 11 zuwa 12 ta tsara waƙar da duniya ta san ta da ita, Freight Train, wato jirgin ƙasan dakon kaya, daga ƙarar jiragen da ke wucewa ta bayan gidansu da dare. Tsofaffin Gombe da suka rayu kusa da tashar jirgi, lokacin da layin Kuru zuwa Bauchi zuwa Gombe ke aiki sosai (a 1964 ya isa Maiduguri), sun san wannan ƙarar. Ita ce ke ƙarƙashin kiɗan: tak-tak, tak-tak, ba sauri ba tsayawa.

Ta yi aure da wuri, mijin Frank Cotten, suka sami 'ya ɗaya, Lillie. Da ta shiga harkar coci sosai, dattawan cocin suka ce mata ta bar waƙoƙin duniya. Ta ajiye jita, gomman shekaru ba ta kaɗa wa kowa ba. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba, mun san yadda ake kallon maroƙi da makaɗi, balle mace.

Yadda ta dawo kuwa sai ka ce almara. A shekarun 1940 tana aiki a wani babban kanti a Washinton, wata yarinya ta ɓace wa uwarta cikin cunkoso, ita ta tsince ta ta miƙa ta. Uwar ita ce Ruth Crawford Seeger, mai tsara kiɗa, mijinta Charles Seeger masanin ilimin kiɗa, yarinyar kuma Peggy Seeger. Suka ɗauke ta aikin gida. A gidan ne yara suka laƙa mata suna Libba. Gida ne da jitoci ke rataye a bango, ita kuma tana girki da wanki ba wanda ya san ta iya, sai ranar da aka same ta ta sauko da ɗaya tana kaɗawa. Mike Seeger, ɗan gidan, shi ya riƙa zuwa da na'urar ɗaukar sauti mai faifan zare yana naɗar ta a ɗakin kwananta, kamfanin Folkways ya fitar da faifan a 1958. Lokacin tana da shekara 65. A 1960 ta fara hawa dandamali tare da Mike. A 1984 gwamnatin Amurka ta ba ta lambar girmamawa ta masu riƙe da fasahar gargajiya, a 1985 ta ci lambar yabon waƙa ta Grammy da faifan da aka naɗa a wajen wasanninta, tana da shekara 92. Ta rasu ranar 29 ga Yuni 1987 a Sirakus, jihar Niyok. A 2022 aka saka sunanta a zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame cikin waɗanda suka share fage.

Maganar "ba malami" kuma a yi mata adalci. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce sa yatsa nan, gaskiya ne, kuma ba ta karanta rubutun kiɗa. Amma ta tashi cikin kiɗa: na coci, na rawa, na yayyenta. Kunnenta ya ƙoshi kafin hannunta ya fara. Wanda ya ce zai koya shi kaɗai alhali bai saurari waƙar sau ɗari ba, wahala kawai zai sha.

Adda Bolari:

Sannu Hamma, ka share hanya. Ƙanena, ga abin da hannun ke yi. Amma mu daidaita suna tukun don kada mu ruɗe.

Tsirkiya shida ce. Ta 1 ita ce mafi siranta, ta 6 mafi kauri. Saitin da aka saba, daga ta 6 zuwa ta 1: E, A, D, G, B, E. Sauke manhajar saita jita a waya, kada ka dogara da kunne a watannin farko. Ƙarafunan da aka gitta a wuyan jita su ne firet, filin da ke tsakanin kowane biyu mu kira shi gida, ana ƙirgawa daga kan jita.

Mai dama in yana irin wannan kiɗan, babban yatsansa ne ke kan manyan tsirkiyoyi uku yana ba da gindin kiɗa, manuniya da na tsakiya suna ɗauko karin waƙar a sirara. Ita da ta juya jitar, sai aikin ya musanya: manuniyar hagunta ta sauka ƙasa kan manyan tsirkiyoyi tana fizgo su sama, babban yatsa kuma ya tsaya a sama kan sirara yana rera waƙar. Yatsu biyu kacal. Shi ya sa sautinta ya bambanta. Naman babban yatsa yana da faɗi da taushi, in ya sauka kan siririyar tsirkiya sai sautin ya fito a dunƙule, ba tsini. Gindin kuma da manuniya ke fizga ya fi fitowa tas, ba ya yin dum-dum irin na masu babban yatsa. Ba ta kuma danne tsirkiyoyin da tafin hannu kamar yadda makaɗin jita Merle Travis ya riƙa yi, tana barinsu su yi ta amo.

Sirrin duka yana ga gindin nan mai kai-komo. Ka ɗauke shi kamar mata biyu a turmi ɗaya: wannan taɓarya ta sauka, waccan ta sauka, ko ana hira ko ana dariya lugude ba ya karyewa. Bugu huɗu ne a kowane zagaye.

Kod ɗin C (kod shi ne haɗin sautuka da ake samu in an danna wasu tsirkiyoyi tare): ta 5 a gida na 3, ta 4 a gida na 2, ta 2 a gida na 1. Gindi: 5, 4, 6, 4. A bugu na uku yatsan da ke kan ta 5 ya tsallaka zuwa ta 6, gida na 3, ya dawo. In tsallakar ta yi maka wuya da farko, yi 5, 4, 5, 4.
Kod ɗin G7: ta 6 a gida na 3, ta 5 a gida na 2, ta 1 a gida na 1. Gindi: 6, 4, 6, 4.
Kod ɗin E7: ta 5 a gida na 2, ta 3 a gida na 1. Gindi: 6, 4, 6, 4.
Kod ɗin F: ta 6 a gida na 1, ta 4 a gida na 3, ta 3 a gida na 2, ta 2 da ta 1 a gida na 1. Gindi: 6, 4, 6, 4.

Waƙar jirgin zagaye 16 ce: C biyu, G7 huɗu, C biyu, E7 biyu, F biyu, C ɗaya, G7 ɗaya, C biyu. Shi ke nan. Wannan shigowar ta E7 ita ce gishirin waƙar, wurin da zuciya ke ɗan tsinkewa.

Yadda za ka bi:

Mako biyun farko gindi kaɗai. Sa manhajar ƙirga bugu a kan 60 a minti. Minti 15 da safe, minti 15 da yamma ya fi awa uku ranar Lahadi, saboda fatar kan yatsu tana bukatar hutu kafin ta yi kanta, kuma hakan kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Alamar ka wuce wannan mataki ita ce ka iya amsa gaisuwar wani da cikakkiyar jimla gindin bai yi tuntuɓe ba.

Sai tsunkule: siririya ɗaya tare da babba ɗaya a lokaci guda, a bugu na 1 da na 3 kawai. A kan C karin yana farawa da ta 1 a gida na 3 (ƙaramin yatsa ne zai kai), sai ta 1 a sake (ba a danna ba), sai ta 2 a gida na 3, sai ta 2 a gida na 1, daga nan ka koma G7 da ta 2 a sake. Sauka ce kamar matakala. Ragowar ka tsinto da kunne daga faifanta, YouTube na da wurin rage saurin bidiyo zuwa rabi.

Mataki na ƙarshe shi ne sa karin a tsakanin bugu, ba a kansa ba. Nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Abin da ke faruwa, da zarar yatsan waƙa ya motsa shi kaɗai, sai na gindi ya tsaya yana jiransa, ko ya bi shi su sauka tare. Dalili, ƙwaƙwalwa na ɗaukar yatsun biyu abu ɗaya ne. Maganinsa rage sauri har zuwa 40, da ƙirgawa da baki: ɗaya-da, biyu-da, uku-da, huɗu-da. Lambobin na gindi ne, "da" ɗin na waƙa. Ƙara "da" guda ɗaya tak a zagaye, ka maimaita sau 20 ba kuskure kafin ka ƙara na biyu. Kuskure na biyu shi ne gudu: mutum ya fara a 60 ya ƙare a 90 bai sani ba. Jirgin kaya ne, ba mashin ɗin ɗan acaɓa ba.

Game da juyawa, ra'ayina kada ka juya don kawai ita ta juya. A juye manyan tsirkiyoyi ne ke kusa da tafin hannun da ke danna wuya, don haka duk yatsan da zai kai ga sirara sai ya tsallake manya, in bai lanƙwashe sosai ba ya taɓa su ya kashe gindin da ake taƙama da shi. Kuma duk zanen kod da darasin da za ka gani a intanet sai ka juya shi a ka kafin ka yi. Ana iyawa, Albert King da Otis Rush haka suka yi rayuwarsu a bulus, salon kiɗan baƙaƙen Amurka. Amma Jimi Hendrix, shi ma bahago, jitar ya juya ya kuma sake ɗaura tsirkiyoyin babba a sama. Amfanin hanyar Libba guda ɗaya ne babba: duk jitar da ka tarar a gidan kowa za ka iya ɗauka ka kaɗa.

Bappa Kafinta:

Yaro, kafin ka kwance komai ka karanta wannan. Mutane na zaton sauya jita zuwa ta hagu cire tsirkiya ne a mayar a juye. In ka yi haka kawai, abu uku za su same ka.

Na farko ƙashin sama, wancan farin abin mai tsaga shida da ke tsakanin kai da wuya. Kowace tsaga an yanka ta daidai kaurin tsirkiyarta. A saitin da aka fi samu, ta 1 kaurinta kamar milimita 0.3 ne, ta 6 kuwa kusan 1.35. Babbar ba za ta shiga ƙaramar tsaga ba, za ta hau sama ta yi tauri, in ka matsa mata ƙashin ya fashe. Siririyar kuma ta yi ta yawo a cikin faffaɗar tsaga tana zizara. Juya tsohon ƙashin ba ya yi, domin tsagar gangare take zuwa wajen kai. Sabo ake yi. Ƙashin ƙafar saniya daga wajen mahauta ya fi robar da ke zuwa da jitocin gwanjo: a dafa shi da ruwa da ɗan omo har maiƙon ya fita, a shanya a inuwa mako biyu, a yanka, a goge da samfefa. In maiƙo bai fita ba gam ba zai kama ba, kuma zai yi wa katako tabo. Ɗigon gam biyu ya isa, don a iya cirewa gaba. Zurfin tsaga: in ka danna tsirkiya a gida na 3, ya zama tsakaninta da ƙarfen farko takarda ɗaya ce za ta wuce da ƙyar.

Na biyu ƙashin ƙasa, wanda ke kan abin da masu garaya da goge ke kira jaki. Duba shi da kyau, ba a miƙe yake ba, a karkace yake, ɓangaren manyan tsirkiyoyi ya ja baya da kamar milimita 3. Babbar tsirkiya ta fi tauri, in an danna ta sautinta na ɗagawa fiye da ƙima, shi ya sa ake ƙara mata tsawo. In ka musanya ba ka gyara karkatar ba, a gidajen farko ba za ka ji sosai ba, amma kana hawa wuya manyan za su yi sama, sirara su yi ƙasa, manhaja ta ce maka saiti daidai ne kunnenka ya ce ƙarya ne. Gwaji: kaɗa tsirkiya a sake, ka danna ta a gida na 12, harafi ɗaya manhajar za ta nuna, allurar a tsakiya. Gyaran gaskiya shi ne a cike tsohon ramin da katako mai tauri a yanka sabo mai karkata ta ɗaya gefen. Aikin mai haƙuri ne, kada ka ba wanda ya saba da ƙusa inci huɗu. Ga irin waƙoƙin Libba da yawancinsu a gida uku zuwa biyar na farko suke, za ka iya yin shekara da sabon ƙashin sama kaɗai.

Na uku ƙanana ne: robar kariya da ke fuskar jita za ta koma sama, ɗigon alamar gida da ke gefen wuya su koma ƙasa inda ba ka gani. Ɗiga sababbi da farin fenti a 3, 5, 7, 9, 12.

Jita mai tsirkiyar roba ta fi sauƙin sauyawa, ƙashinta na ƙasa yawanci a miƙe yake. Amma kada wani ya ruɗe ka ka ɗaura mata ta ƙarfe. Ta ƙarfe shida suna jan kusan kilo 70, ta roba wajen 40. Jakin zai ɗago, wuyan ya sunkuya.

Tunda ta gwanjo ce, auna tsayin tsirkiya daga ƙarfe na 12: ta 6 kamar milimita 2.5, ta 1 kamar 2. In ya kai 4 ba laifin yatsunka ba ne in sun yi jini. Ka kuma nemi tsirkiya mai lamba 10 ko 11 maimakon 12 ko 13. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake murɗawa da alanki, kwatan zagaye ake yi a bari ta kwana, ba a yi mata ƙarfi.

Sai babban abokin gabar jita a ƙasar nan: hunturu. Katakon jita na son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu yakan sauka ƙasa da 20. Katako ya tsuke, bakin ƙarafunan firet ya fito yana yankar hannu, fuskar jita ta lotsa tsirkiya ta fara zizara, daga ƙarshe ta tsage daga jaki zuwa gindi. Sami kwanon sabulu na roba mai murfi, huda shi wuri goma, sa soso da aka jiƙa aka matse har ba ya ɗiga, ajiye a cikin jakar jitar a rufe, ka sake jiƙawa duk kwana biyu ko uku. Da damina ka cire, in ba haka ba fumfuna da tsatsa. Kada ka jingina ta a bangon da rana ke duka, kada ka bar ta a mota a watan Maris ko Afrilu, gam ɗin narkewa yake. Abin dariyar, jitar arha ta filawud ta fi mai tsada jure wannan.

Ɗan Herwagana:

Bappa ya gama magana a kan katako. Ni inda zan ɗan ja hankali shi ne kada a kira matar nan 'yar bulus kai tsaye. Ku saurari faifan 1958 da kyau: akwai waƙoƙin coci, akwai salon da ake kira ragtaim irin Wilson Rag, akwai kiɗan falo na ƙarni na 19. Salon yankinsu ne, Piedmont, mai haske da tsalle-tsalle, ba irin na Delta ta Misisipi mai nauyi da kuka ba. Wanda ya fi kama da ita a can shi ne Mississippi John Hurt, shi ma da kansa ya koya, shi ma gindi mai kai-komo, ya yi faifai a 1928 aka manta da shi sai 1963.

Shaidar kiɗan falon tana cikin saitinta. Kiɗan Vastopol da take kaɗawa sunan ya samo asali daga wani tsohon kiɗa mai suna Sebastopol, saitinsa D, A, D, F mai ƙari (F#), A, D. Daga saitin da aka saba: sassauta ta 6 zuwa D, ta 3 rabin mataki, ta 2 zuwa A, ta 1 zuwa D. Duk sassautawa ce, ba abin da zai tsinke. In ka shafa shida a sake kod ne cikakke, gindinka 6 da 4 duk D ne ba ka danna komai ba. Ga bahago mai juyayyiyar jita wannan sauƙi ne babba, yatsa ɗaya a kwance a gida na 5 ko na 7 ya ba ka sauran kod biyun, kuma kwantaccen yatsa bai san sama da ƙasa ba.

In kuma bulus ɗin da ya fi kusa da kunnenmu kake nema, ga Ali Farka Touré na Mali, haifaffen 1939, mutumin Niafunke a bakin kogin Kwara, ya rasu a Maris 2006. Da kayan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara, ya kwashe abin da ya iya a kansu ya zuba a jita. Yana waƙa da Sanwai da Fulatanci da wasu harsunan, mutumin Gombe zai tsinci kalmomi. Kiɗansa kan sautuka biyar yake tafiya, kamar yawancin namu na garaya da gurmi da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, sau da yawa kod ɗaya daga farko har ƙarshe. Banjon da Libba ta fara da shi ma jikan irin waɗannan kayan ne na Afirka ta Yamma, ƙwarya da fata da sanda, bayi suka ƙera shi a can.

Hamma Jekadafari:

Na yarda, Ɗan Herwagana, jakarta ta fi bulus faɗi. Amma tasirinta ba a kan sunan salo yake ba. Peggy Seeger ce ta tafi da waƙar jirgin Ingila, ƙungiyar Chas McDevitt da mawaƙiya Nancy Whiskey suka naɗe ta, a 1957 ta shiga sahun biyar na farko a can, shekara guda kafin faifan mai waƙar ya fito. Aka rubuta sunayen wasu a matsayin masu ita. Sai da iyalan Seeger suka tsaya mata kafin a sa sunanta. Samarin Ingila na lokacin da ke koyon jita, har da ƙungiyar farko ta John Lennon, sun kaɗa ta. Peter, Paul and Mary sun naɗe ta a 1963, Jerry Garcia da Bob Dylan sun rera wasu waƙoƙinta. Har yau in mutum ya je koyon kiɗan yatsu a Amurka ko Turai, da wuya wata uku su wuce ba a ɗora shi a kan waƙar nan ba, kuma masu dama ne ke wahalar kwaikwayon abin da bahaguwa ta yi a juye.

Masu tsara waƙa a nan su ɗauki darasi a wancan rikicin: ka naɗi abinka da kwanan wata kafin ka tura wa kowa a WhatsApp. Faifanta na 1967, Shake Sugaree, shi ma a nema, da jikokin gidanta ta tsara waƙar da ke ɗauke da sunan faifan, ƙaramar yarinya daga cikinsu ce ta rera.

Bahagon Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan sa a yi sabon ƙashin sama, babba ta koma sama. Adda, saura F. Ta 6 da ta 1 duk a gida na 1, yatsu ba sa isa, in na kwantar da manuniya kuma sai ta 2 ta mutu.

Adda Bolari:

Kada ka kwantar da manuniya a kan shida, masu wannan salon ba kasafai suke yi ba. Zagayo da babban yatsa ta bayan wuya ya danna ta 6 a gida na 1. Manuniya ta kwanta kan ta 1 da ta 2 kawai, na tsakiya kan ta 3 a gida na 2, na kusa da ƙarami kan ta 4 a gida na 3. Ta 5 ba a kaɗa ta. In babban yatsa bai kai ba tukuna, bar ta 6 gaba ɗaya ka yi gindi da 4, 3, 4, 3 har hannu ya buɗe.

Mutuwar ta 2 kuwa ɗayan biyu ne. Ko tsirkiyar ta faɗa daidai lanƙwasar gaɓar yatsa, sai ka ɗan mirgina manuniyar ta danna da gefenta mai ƙashi. Ko kana dannawa a tsakiyar gida, alhali dab da bayan ƙarfen ake so, wurin da ƙarfi kaɗan ke isa. In ka yi duka biyun ba ta tashi ba, tsagar sabon ƙashin ce ba ta yi zurfi ba, ka mayar wa mai gyara ya yi gwajin takardar da Bappa ya faɗa a kan ta 1 da ta 2.